Amsoshin Tambayoyinku: Gashin yarinya ya ƙi tsaguwa

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga wata uwa ce a Zariya. Ta ce 'yarta mai shekara 2 gashinta ya ƙi tsaguwa a tsakiya, duk yadda aka taje sai ya karkata hagu, can tsakar ka kuma ya murɗe kamar gidan dodon koɗi. Kakar yarinyar ta ce a sake aske mata, zai fito a miƙe. Shin haka ne?

To Malama, a ba Kaka haƙuri, aska ba ta kai nan ba. Kowane silin gashi daga ɗan rami yake fitowa a cikin fata, kuma yadda ramin ya karkata tun yarinya tana ciki, haka zai zauna. Wanzami na sama kawai yake kwashewa. Don haka ki bi gashin, kada ki ja da shi.

Ki yayyafa masa ruwa tukuna, busasshen gashi karyewa yake yi. Ki lakato man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa, ki murza a tafi har ya narke, ki shafa. Ki warware da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora, daga bakin gashi zuwa gindinsa. Ki taje shi baya duka, ki ɗan turo shi gaba da tafin hannu: inda ya buɗe da kansa, nan ne tsagarsa. Kibiya kuwa a kwance ake jan ta, ba a kafa tsininta a fata. Shi murɗin nan, a sa shi cikin kalaba guda, a kitse ta inda yake juyawa.

Inda ake ɓarna shi ne tamke kitso don a tilasta tsagar. In kin ga ƙananan ƙuraje a gaban goshi, ko yarinya ta kasa ɗora kai a matashi, ki tsefe a ranar, ko da kin biya mai kitso. Ja na yau da gobe yana kashe ramin gashin, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Kitso kada ya wuce mako 2, a bar kan ya huta kwana biyu ko uku.

Sai wani uba daga Maraɗi: jaririnsa ɗan wata 4 ya yi sanƙo a ƙeya. Malam, kwantar da hankalinka. Gashin haihuwa yakan zube a watanni 6 na farko, gogar shimfiɗa ta ƙara masa. Zai fito, kusan santimita 1 a wata. Kada a kifa shi lokacin barci don ceton gashi, a rigingine zai kwanta. Amma in ka ga wurin ya yi da'ira, da farin ɓawo da guntayen gashi, wataƙila makero ne, sai a je asibiti. Maganin shafawa kaɗai ba ya kashe shi, sai an haɗa da na sha na makonni, kuma a ware masa matajinsa da hularsa.