Amsoshin Tambayoyinku: Nazarin alƙaluma da ƙirƙirarriyar basira a Colab

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware yau duk sun karkata ne wuri guda, wato yadda ake sa ƙirƙirarriyar basira ta tace wa mutum alƙaluma a intanet. Muna tare da wani malami mai koyar da ƙididdiga. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, na gode.

Mai gabatarwa: Ta farko daga wata ɗaliba ce a Zariya, tana ajin ƙarshe a jami'a. Ta ce ta tattara amsoshin manoma da manhajar KoboToolbox domin aikin bincikenta, sai ta ji 'yan ajinsu na cewa su Colab suka zuba nasu, Gemini, wato ƙirƙirarriyar basirar kamfanin Google, ya gama musu komai. Tana tambaya, mene ne Colab ɗin nan, kuma sai mai babbar kwamfuta?

Malam: A'a, ko tsohuwar kwamfuta ce da ke ta nishi za ta yi, don ba ita ce za ta yi lissafin ba. Colab shafi ne na Google. Kina buɗe shi, sai su ara miki wata kwamfuta tasu da ke can cibiyarsu, taki kuwa aikinta kawai ta nuna miki abin da ke gudana. An gina shi ne a kan tsarin Jupyter, wanda ya fito a 2014, inda shafi ɗaya ke ɗauke da umarnin da aka rubuta da Python, wato wani harshe na ba kwamfuta umarni, da sakamakonsa, da bayanin marubucin, kowanne a akwatinsa. A da sai kin iya Python. Yanzu sun sa Gemini a ciki, kuma a watan Maris na 2025 suka ƙara wani mataimaki da za ki ɗora wa fayil, ki faɗa masa abin da kike nema, ya rubuta umarnin, ya gudanar, ya zana jadawali.

Abin da zan ja kunnenta a kai shi ne, kwamfutar nan aro ce. A tsarin kyauta zama ɗaya ba ya wuce awa 12, kuma idan kika bar shafin ba motsi za su yanke ki tun kafin nan. Duk fayil ɗin da kika ɗora kai tsaye ya tafi ke nan. Don haka ta ajiye kayanta a Google Drive, wato ma'ajiyar fayil ta Google a intanet, ta haɗa shi da shafin. Mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama, wannan ya zama dole.

Mai gabatarwa: A waya fa, Malam?

Malam: Yana buɗewa, amma za ta sha wahala. Dubawa dai, ba aiki ba.

Mai gabatarwa: To, wasiƙa ta biyu daga wani ma'aikacin ƙungiyar agaji ce a Maiduguri, kuma da alama ransa a ɓace yake. Ya ce ya ba mataimakin nan bayanan matan da suka yi wa rajista, ya nemi matsakaicin shekarunsu, sai ya ba shi shekara ɗari da wani abu, har da zane mai kyau da bayani cikin Turanci mai santsi. Ya ce, "Shin na'urar nan ƙarya take shara mana?"

Malam: Allah ya ba shi haƙuri. Ban ga fayil ɗinsa ba, amma zan iya cankar abin da ya faru. A yawancin takardun tattara bayanai, idan mace ta ce ba ta san shekarunta ba, mai rubutawa kan sa 999, alamar babu amsa. Shi da abokan aikinsa sun san haka. Na'urar ba wanda ya gaya mata. Ɗauki mata goma, tara kowacce shekararta 30, ta goma an sa mata 999. Haɗa ka raba goma, za ka samu kusan 127. Lissafin daidai ne, ba ta yi kuskure ko na ɗigo ba, sai dai amsar shirme ce. Kuma shi ya yi sa'a da shirmen ya fito fili. Da mata dubu ne, masu 999 ɗin biyar kacal, matsakaicin zai tashi ne daga 30 zuwa wajen 35, ya miƙa rahoto, kowa ya sa hannu.

Irin waɗannan ramukan suna da yawa a bayananmu. Wani ya rubuta Tudun Wada, wani T/Wada, wani Tudunwada a haɗe. A wurin kwamfuta unguwanni uku ne daban, kuma za ta raba maka mutanen gida uku. Haka Ƙanƙara da aka rubuta da ƙ mai lanƙwasa da Kankara da aka rubuta ba lanƙwasa. Sai kwanan wata. Mu idan muka rubuta 03/04/2024, uku ga Afrilu muke nufi. Manhajar pandas, wadda mataimakin ke yawan aiki da ita, idan ba a faɗa mata ba, salon Amurka take bi, ta karanta huɗu ga Maris. Lambar waya ma, idan ta ɗauke ta a matsayin adadi, sifirin farko ya ɓace.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne share layuka. Sau da yawa idan mataimakin ya ga layi, wato amsoshin mutum guda, da gurbi babu komai, sai ya rubuta umarnin a jefar da layin gaba ɗaya, ya ci gaba da aikinsa. Su wa ke barin gurbin kuɗin shiga ba amsa? Sau da yawa waɗanda ba su da shi ne, ko masu jin nauyin faɗa. Ka ga an zubar da mutanen da aka yi binciken dominsu ke nan.

Mai gabatarwa: To ya zai yi ke nan?

Malam: Kafin ya nemi kowane sakamako, ya zauna ya yi wa mataimakin bayani kamar sabon yaron shago: wannan gurbin shekaru ne, 999 na nufin babu amsa, kwanan wata rana ce ke zuwa farko, lambar waya rubutu ce. Sannan ya ce a nuna masa adadi mafi ƙanƙanta da mafi girma a kowane gurbi, da jerin duk sunayen unguwannin da ke ciki. Nan take ɓarnar za ta bayyana. Bayan kowane gyara ya tambaya, layi nawa muka fara da su, nawa suka rage? Idan an gama, ya sa a sake gudanar da shafin tun daga akwatin farko har na ƙarshe, domin mutum kan yi tsalle tsakanin akwatuna yana gyare-gyare, sakamakon da ke kan allo ya zama na wani umarni ne da tuni ya goge. Ni dai ɗalibin da ya kawo mini jadawali bai iya gaya mini layi nawa aka zubar ba, ba na karɓa.

Mai gabatarwa: Madalla. Ta uku daga wata ma'aikaciyar jinya ce a Sakkwato. Tana so ta gano watannin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kawo musu yara, daga rajistar asibiti. Ko za ta iya ɗora rajistar?

Malam: Kada ta ɗora ta yadda take. Google da kansa ya rubuta a sharuɗɗansa cewa yana tattara abin da mutum ya rubuta wa mataimakin, ma'aikatansa na iya karantawa, kuma ya ce kada a sa bayanan sirri. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ta fara neman izinin shugabannin asibiti. Sannan ta cire suna, da lambar waya, da adireshi, da lambar kati. Tambayarta ma watanni da adadin yara kawai take buƙata, sauran duk ba ruwanta da su. Akwai wata dabarar: ta ba mataimakin sunayen gurabe da layuka biyar na bogi, ya rubuta mata umarnin, ita kuma ta gudanar da shi a kan ainihin rajistar a kwamfutar ofis, tunda Jupyter na aiki ko ba intanet.

Mai gabatarwa: Saura ɗaya, a taƙaice Malam, don lokaci na hararar mu. Wani matashi daga Maraɗi ya ce, tunda na'ura na rubuta Python, ko akwai amfanin ya koya?

Malam: Ya koyi karanta shi ko da bai ƙware a rubutawa ba, yadda zai gane inda aka share layi ko aka cike gurbi da ƙiyasi. Kuma idan bayanansa layi ɗari uku ne, Excel ya ishe shi, don yana ɗaukar layi 1,048,576. Kada ya ƙona datarsa a banza.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam, Allah ya ƙara basira. Masu sauraro, wasiƙun da ba mu kai gare su ba sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.