Paparoma da Sarakunan Farankawa: Yadda Takobi da Coci Suka Haɗa Kai

Jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Wajen shekara ta 750, wani mutum mai suna Pepin ya tura manzanni birnin Rum wurin Paparoma Zakariya da tambaya guda: wa ya fi cancanta a kira shi sarki, mai riƙe da sunan sarauta kawai, ko wanda mulki yake hannunsa?

A lokacin Pepin wazirin fada ne a masarautar Farankawa, wadda ta mamaye galibin Faransa ta yau da Beljiyam da yammacin Jamus. Sarautar ta zuriyar Clovis ce, wanda Bishop Remigius ya yi wa baftisma a Reims wajen shekara ta 500. Clovis ya bi aƙidar cocin Rum, alhali sarakunan ƙabilar Goth suna kan aƙidar Arius, wadda cocin Rum ta ɗauka bidi'a ce, shi ya sa bishop-bishop na ƙasar suka tsaya masa. Amma da tafiya ta yi nisa, jikokinsa suka zama sarakunan suna. Sojoji da baitulmali duk suna hannun waziri. Mahaifin Pepin, Charles Martel, wanda ya tare rundunar Abdurrahman al-Gafiƙi, gwamnan Andalus, kusa da Poitiers a 732, har ya mutu bai ɗauki sunan sarki ba.

Zakariya ya ce mai iko shi ya dace da sunan. A 751 aka tuɓe Sarki Childeric na Uku, aka aske dogon gashin da yake alamar sarautar gidansu, aka kai shi gidan zuhudu, Pepin kuma ya zama sarki.

To me ya sa Paparoma ya yarda? Shi ma yana cikin tsaka mai wuya. Lambadawa, masu mulkin arewacin Italiya, ƙarƙashin Sarki Aistulf sun ci Ravenna a 751 suna hararar Rum, sarkin Rumawa da ke Kustantiniya kuwa bai kawo ɗauki ba. Sai Paparoma Istifanus na Biyu, wanda ya gaji Zakariya, ya ƙetare tsaunukan Alps da kansa. A 754, a cocin Saint-Denis kusa da Paris, ya shafe Pepin da 'ya'yansa biyu da mai, kamar yadda Sama'ila ya shafe Dauda. Ku lura da nauyin wannan: Pepin ba jinin sarauta ba ne, shafewar ce ta cike masa wannan gurbi. Shi kuma ya biya bashi. Sau biyu ya yaƙi Lambadawa, a 756 ya miƙa wa Paparoma garuruwan da ya ƙwato. Nan ne tushen ƙasar da Paparomomi suka mulka a tsakiyar Italiya har 1870.

Ɗan Pepin, Sharlaman, ya kai wannan haɗin kai ƙololuwa. Shi yake zaɓen bishop-bishop, yana kiran taron malaman coci, a 789 ya umarci a buɗe makarantu a majami'u da gidajen zuhudu. Yawancin littattafan Latin na dā da suka iso mana, marubutan wannan zamani ne suka kwafe su, kuma wannan aiki ne da ya cancanci yabo.

Sai dai akwai ɓangaren da ba ya wankuwa. Sama da shekara 30 yana yaƙar Saksonawa, masu bin addinin gargajiya a arewacin Jamus, ya kafa dokar kisa ga duk wanda ya ƙi baftisma, kuma a Verden a 782 an rubuta cewa an kashe mutum 4,500. Malaminsa Alcuin, mutumin York, ya yi gargaɗi cewa ana iya tilasta wa mutum baftisma, amma ba a tilasta masa bangaskiya. Ni a ganina gaskiya tana wurin Alcuin.

A 799 abokan gaba suka far wa Paparoma Leo na Uku a titin Rum, ya gudu Paderborn neman mafaka wurin Sharlaman. Ranar Kirsimeti ta shekarar 800, a cocin Saint Peter, Leo ya ɗora masa kambi a matsayin sarkin daular Rumawa. Nan take wata tambaya ta taso: wa ke sama, mai ɗora kambi ko mai sanya shi? A 813, a Aachen, Sharlaman ya naɗa ɗansa Louis ba tare da Paparoma ba. A 816, bayan rasuwar Sharlaman, Paparoma Istifanus na Huɗu ya yi tattaki har Reims ya sake naɗa Louis da hannunsa.