Amsoshin Tambayoyinku: Sake Zama Jarrabawa da Shirin Ɗalibi

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu ukun da muka zaɓo a wannan makon duk a kan jarrabawa suke.

Ta farko daga wata uwa ce. Ta ce ɗanta ya ci maki 45 cikin 100 a gwajin lissafi, makaranta ta ba shi damar sake zama ya ci 88, amma da takardar sakamako ta iso gida sai ta tarar an rubuta masa 70. Tana tambaya ko ba a cuci yaron ba.

Malama, makarantu ba su da ƙa'ida guda a kan wannan. Wasu suna ɗaukar makin da ya fi yawa, wasu suna haɗa na farko da na biyu su raba biyu, wasu kuma suna kafa iyaka, su ce duk abin da aka ci a zama na biyu ba zai haura kaza ba. Da alama tsari na ukun ne aka bi da ɗanki, kuma hujjar masu shi ita ce bai kamata wanda ya yi shiri tun farko ya ci 75 a zama guda ya koma bayan wanda aka ba wa dama biyu ba. Hujjar tana da nauyi, sai dai a ganina takardar sakamako aikinta shi ne ta faɗi abin da yaro ya sani, kuma 70 bai faɗi gaskiyar yaron da ya iya 88 ba. Abin da ya fi dacewa ki tambayi makarantar shi ne ko an sanar da ɗalibai wannan iyaka kafin gwajin. Idan an sanar, an bi ƙa'ida. Idan kuwa sai bayan an duba takardu aka fito da ita, kina da abin faɗa.

Wasiƙa ta biyu daga wani malami ne, wanda ya ce tun da aka ba da damar sake zama, ɗalibansa suka mayar da gwajin farko wurin leƙen tambayoyi, shi kuma aikin duba takardu ya ninku masa.

Malam, kukanka yana kan hanya, amma matsalar ba daga damar take ba, daga yadda ake ba da ita ne. Wannan tunani yana da tushe a aikin Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago, wanda a 1968 ya yi bayanin cewa mafi yawan ɗalibai za su iya ƙwarewa a darasi idan aka ba su isasshen lokaci da taimakon da ya dace. To amma a tsarinsa akwai mataki tsakanin gwaji da gwaji, wato gyara, kuma shi ne makarantu da yawa suke tsallakewa. Ɗauki yaron da aka ce ya haɗa 1/2 da 1/3 ya rubuta 2/5. Wannan ba gaggawa ba ce ko tuntuɓen alƙalami. Ya haɗa na sama da na sama ne, na ƙasa da na ƙasa, domin haka ya fahimci abin. Ko sau goma za ka sake zaunar da shi, muddin ba a nuna masa yadda ake kai wa ga 5/6 ba, kuskuren nan zai sake yi. A Ingila, tun daga 2014 aka wajabta wa waɗanda ba su ci Turanci da lissafi a jarrabawar GCSE ta kammala sakandare ba su ci gaba da karatun darussan bayan sun cika shekara 16 da haihuwa, amma har yanzu mafi yawan masu sake zama lissafi ba sa samun makin da ake nema.

Shawarata ita ce ka sa sharaɗi. Duk mai son sake zama ya fara dawo maka da takardarsa ta farko, ya rubuta a gefen kowace tambayar da ya faɗi inda ya kauce da kuma amsar daidai. Tambayoyin zama na biyu su zama sababbi, damar ta zama sau ɗaya, cikin mako biyu, kuma a kan ɓangaren da ya gaza kawai. Za ka ga masu leƙen sun ragu, tarin takardun da ke kan teburinka ma haka.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi ne. Ya ce yakan karanta babi sau uku har ya ji ya gane, amma da ya shiga ɗakin jarrabawa sai komai ya ɓace masa.

Ɗana, ido ne ya saba da shafin, ba ƙwaƙwalwa ce ta riƙe shi ba. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta, daga nan wasu suka sake karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda sai waɗanda suka gwada kansu suka wuce su. Saboda haka idan ka gama babi, rufe littafin, ka ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga gurbin da ka bari. Ka sake yin haka bayan kwana biyu, ka kuma maimaita bayan mako, kada ka bari sai daren jarrabawa.

Lokacinmu ya ƙure, sauran wasiƙun sai a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.