Amsoshin Tambayoyinku: Zafi da sanyi a ɗakin gwaje-gwaje

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko daga wata ɗaliba ce a Zariya mai shirin jarrabawar WAEC. Ta ce: "Muna dumama sinadari a bututun gwaji, muna tara iskar da ke fita a cikin ruwa. Ana janye wuta sai bututun ya tarwatse. Me ya jawo?"

To ƙanwata, gaggawar kashe wutar ce ta jawo. Iskar da ke cikin bututun tana buɗewa idan ta ji zafi. Da an janye wuta sai ta tsuke, ruwan sanyin da ke kwano ya biyo siririn bututun da ke kai iskar cikin ruwa a guje, ya faɗa kan gilashin da ya yi zafi jau. Shi kuwa gilashi ba ya saurin watsa zafi. Inda ruwan ya taɓa sai ya tsuke, kewayensa na nan a buɗe, sai ki ji ƙas! Don haka a fara zare siririn bututun daga ruwa, sannan a kashe wuta. Gilashin Pyrex ya fi gilashin kwalba juriya, amma shi ma kada a dire shi da zafinsa kan tayil mai sanyi ko jiƙaƙƙen tebur. A ɗauke shi da awartaki, a aza kan ragar waya ya huce da kansa. Ido ba ya bambanta gilashi mai zafi da mai sanyi, sai a kusantar da bayan hannu tukuna. Kuma kada a cika bututun fiye da kashi ɗaya cikin uku, a karkata bakinsa inda babu kowa.

Wani malamin sakandare daga Maraɗi yana tambayar yadda zai tafasa etanol, wato sinadarin barasa, lafiya. Malam, ban da murhun Bunsen, wato murhun gas na ɗakin gwaji, ko kusa, domin tururinsa kama wuta yake. A digiri 78 na Selshiyas yake tafasa, ruwa kuwa sai 100, saboda haka ruwan zafi ya wadatar. A dafa ruwan, a kashe duk wata wuta, a tsoma kwalbar etanol ɗin a ciki. A jefa ɓarɓashin tangaran biyu ko uku tun ruwan sinadarin na sanyi, don ya tafasa a hankali. In an manta, a bari ya huce. Jefa su cikin mai zafi na sa ya yi ambaliya. Kada a toshe abin da ake dumamawa ruf. In da kwandensa, wato na'urar da ke sanyaya tururi ya koma ruwa, ruwan sanyi ta tiyon ƙasa zai shiga ya fita ta sama, don ya cika ta.

Mai tambaya kan ƙuna daga Gusau: a tara wurin a famfo minti 20. Ban da manja, ƙwai ko man goge baki. In ƙunar ta yi faɗi, ko a fuska take, a garzaya asibiti.