Kafin a buɗe wa jama'a wurin ninkayar makaranta, wa zai biya mai tsaron ruwa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan kwamiti, da ku matasa da kuka cika bayan zauren nan, barkanmu da warhaka.

An nemi in yi magana a kan abu biyu: tsaron rai idan makaranta ta buɗe wa jama'ar gari wurin ninkayarta, da kuma kuɗin tafiyar da shi. Da na zauna shiri sai na kasa raba su. Duk inda na ɗaga maganar tsaro sai in tarar da kuɗi kwance a ƙarƙashinta. Saboda haka ku yi mini haƙuri, a haɗe zan kawo su.

Bari in fara faɗa muku inda na tsaya. Ina tare da masu cewa a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a ƙarshen 2024, ta ce a shekarar 2021 kaɗai ruwa ya ci mutum kusan 300,000, kuma kusan ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Fiye da tara cikin goma na waɗannan rayuka a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita aka rasa su. Abin ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli, tun daga 2021, a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. Yawancin waɗannan bayin Allah a kogi suka tafi, ko tafki, ko kududdufi, ko rijiya, inda babu mai kallo. Yaron da aka rufe wa ƙofar makaranta ba zai fasa son ruwa ba, zai nemi wani ne inda ba ido. A Ingila manhajar firamare ta ce kafin yaro ya gama ya zama yana iya ninkayar mita 25. Sun gane cewa iyo darasi ne kamar lissafi. To idan makaranta tana da wurin, ya yi kwanaki a kulle lokacin hutu alhali yaran unguwa ba su iya ba, wannan asara ce.

Amma ruwan da ɗalibai suke shiga da safe da wanda jama'a za su shiga da yamma, ko da kwami ɗaya ne, haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Da safe malami ya san yaransa da sunansu. Yana da rajista. Ya ƙirga su kafin su shiga, zai ƙirga su idan sun fito. Ya san wanda ya iya, ya san wanda yake da farfaɗiya, ya san mai rawar kai. Da yamma kuwa wa ya san wa? Ga uwa da 'ya'ya uku da hannu biyu. Ga saurayin da bai iya ba amma kunya ta hana shi faɗa a gaban abokai. Ga dattijo mai ciwon zuciya. Duk sun zo a sa'a guda.

Zan ba ku abin da na gani da idona a wata makaranta, wata ranar hutu da aka buɗe wa jama'a. Yaro ne kamar ɗan shekara bakwai, a daidai inda ƙasan kwamin yake fara gangarawa. A tsaye yake cikin ruwan, ya ɗaga haɓa sama, bakinsa yana fitowa yana komawa, hannuwansa suna danna ruwan kamar mai hawa tsani. Bai yi ihu ba. Mai nutsewa ba ya iya ihu, ɗan numfashin da ya samu bai ishe shi shaƙa ba balle magana. Mahaifinsa yana zaune taku uku daga bakin ruwan, yana kallonsa, wallahi yana kallonsa, ya ɗauka wasa yake. Wata yarinya ce da ke kusa ta tura shi gefe, Allah ya kiyaye. Mai tsaron ruwan kuwa, mutum ɗaya ne tilo, a lokacin yana ƙofa yana karɓar tikiti. Na daɗe ina tunanin wannan rana, kuma ban taɓa ganin laifin mai tsaron ba. An ba shi aikin mutum uku ne saboda kuɗin mutum ɗaya ake da shi.

Masu horar da masu ceto suna da wata ƙa'ida da suke kira goma da ashirin: cikin daƙiƙa 10 idonka ya zagaye yankin da aka ba ka, cikin daƙiƙa 20 ka iya kai wa wanda ya shiga matsala. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Mutum kuma ba ya iya zuba wa ruwa ido na sa'o'i hankalinsa bai tafi wani wuri ba, ga rana tana haska saman ruwan tana kashe ido. Dole a riƙa canjinsa yana hutawa. Kun ga ke nan maganar mai tsaro ɗaya ba ta taso ba. Kuma ya zama an koya masa danna ƙirji da hura numfashi, ana sabunta masa horon. Duk wannan albashi ne.

Sai ruwan kansa. Mu yi ɗan lissafi. Kwami mai tsawon mita 25, faɗin mita 10, zurfin mita ɗaya da rabi a tsakaice, yana ɗaukar lita 375,000. Wannan ruwa sai inji ya riƙa juya shi yana bi ta matata, ko da mutane a ciki ko babu. Sinadarin kulorin kada ya gaza miligiram 1 a kowace lita, ma'aunin tsamin ruwan kuma, wanda ake kira pH, ana son ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8, in ya wuce haka kulorin ɗin ƙarfinsa raguwa yake. Yawan mutane yana cinye shi da sauri. Warin nan mai hawa kai da kuke ji, har ido ya yi ja, mutane suna cewa magani ya yi yawa. A'a, kulorin ne ya haɗu da gumi da fitsari, alama ce ruwan ya gaji. Akwai kuma ƙwayar cutar gudawa mai suna kiriftosforidiyom da takan yi fiye da mako guda a raye cikin ruwan da aka sa wa kulorin daidai, shi ya sa ake hana mai gudawa shiga. Abu guda da nake so kowa ya tafi da shi: idan ka tsaya a baki ba ka hango magudanar da ke can ƙasan wuri mafi zurfi ba, kada ka shiga, kada ka bar ɗanka ya shiga. Inda ba a ga magudana ba, ba za a ga yaro ba.

Ita magudanar ma ta taɓa cin rai. A Amurka a 2002 wata yarinya 'yar shekara 7, Virginia Graeme Baker, jikar tsohon sakataren harkokin waje James Baker, magudanar wani kwamin wanka ta zuƙe ta ta riƙe a ƙasan ruwa har ta rasu. A 2007 aka yi doka da sunanta, wadda ta tilasta sa marufin da ba ya kama jiki a wuraren ninkaya na jama'a. Murfi ne fa kawai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Haka ɗakin ajiya: kulorin ya haɗu da asid, iska mai guba ce take tashi, kuma duka biyun ana amfani da su a wurin. A raba su, a kulle, mabuɗin yana hannun wanda ya san aikin.

Yanzu kuɗi. Da wuya kuɗin tikiti ya ɗauki nauyin wurin ninkaya. Ko a Turai, da farashin makamashi ya tashi a 2022, an rufe wasu a Faransa, a Jamus kuma aka rage ɗumin ruwan. Abin da ke damuna shi ne inda wuƙa take sauka idan aljihu ya yi sanyi. Fenti yana nan, allon sanarwa yana nan, domin ido yana ganinsu. Wanda ake ragewa shi ne mai tsaro na biyu, awon ruwa da ake yi sau da yawa a rana ya koma sau ɗaya, inji a kashe shi da dare. Babu wanda zai lura sai ranar da aka fito da yaro.

Hanya ta biyu da ake bi ita ce a tsoma hannu a asusun makaranta, kuɗin littattafai da gyaran aji su tafi wajen nishaɗin mutanen gari. Wannan ma zalunci ne, kuma iyayen da suke ƙorafi a kansa suna da gaskiya. Shawarata a buɗe wa wurin asusunsa na kansa, a riƙa karanta shi a gaban iyaye. A rubuta yarjejeniya tsakanin makaranta da ƙaramar hukuma ko ƙungiyar da za ta gudanar: wa zai biya wuta, wa zai biya masu ceto, wa zai ajiye na gyaran inji, wa zai tsaya a kotu idan tsautsayi ya gifta. A ɗauko takardar inshora a karanta ta layi-layi, domin mai yiwuwa ɗalibai kaɗai ta rufe. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ranar da ka karɓi tikitin mutum, ka karɓi amanar ransa.

Kar a manta makaranta ce. Baƙi su sami ƙofarsu daban, lokacinsu daban, kada babba baƙo ya haɗu da ɗalibi a ɗakin canza kaya. A kewaye ruwan ta kowane ɓangare da shinge da bai gaza mita 1.2 ba, da ƙofa mai kulle kanta.

Na ga baiwar Allah can ta ɗaga hannu. Na'am, Hajiya? Ta ce idan aka bi duk wannan, tikiti zai yi tsada, ɗan talaka ya koma kududdufi. Wallahi Hajiya kin taɓo inda yake mini ciwo. Amsata ita ce a rage sa'o'i, kada a rage masu tsaro. In kuɗin da ke hannu na yini biyu ne a mako, a buɗe yini biyu cikakku, sauran a kulle. A cikin yini biyun nan a ware sa'o'in koyon iyo kyauta ga yara, a je wurin hukuma da masu hali a ce ga adadin yaran, ga albashin mai koyarwa da masu ceto na zango guda, ku ɗauki wannan. Mutane sun fi saurin buɗe hannu idan sun san takamaiman abin da suke biya. 'Yan kwamiti, a zamanku na gaba ku zo da takarda ɗaya: sa'o'in da kuke son buɗewa a hagu, sunan wanda zai zauna a kujerar tsaro da inda albashinsa zai fito a dama. Layin da damansa ya zama fanko, ku soke shi tukuna.

Akwai wata tambayar? To, shugaba, na mayar maka da makirufo. Wassalamu alaikum.