Falmaran ko 'yar jaka: abin da na goya zuwa bangon Verdon

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba. Ku yi haƙuri, ƙasa-ƙasa nake magana, maƙwabtan tantinmu ba su tashi ba tukuna. Ƙarfe 6 ta ɗan gota, yanzu na idar da sallah. Muna La Palud, wani ƙaramin ƙauye a kudu maso gabashin Faransa, bakin kwazazzabon Verdon. Jiya bayan la'asar muka taso daga Grenoble, tafiyar kusan awa 4 a mota, ni da dattijon da ya koya mini hawan dutse. Ni dai Baba nake ce masa, har ya saba yana amsawa.

Wata 'yar uwa da ke karatu a Jamus ce ta aiko mini da saƙo. Ta ce tana da falmaran ɗin ruwa irin ta masu gudu, ta jima tana hawan bango a ɗakin motsa jiki, yanzu kuma ana shirin kai ta dogon dutse. Shin ta tafi da falmaran ɗinta ne, ko ta sayi jaka? Ƙanwata, na ce ba zan ba ki amsa ina zaune a ɗaki ba. Yau za ki biyo mu a wannan bidiyon ki gani da idonki.

Ga waɗanda ba su san harkar ba, igiyar da muke hawa da ita ba ta wuce mita 50 ko 60 ba, bangon da za mu hau kuwa ya haura mita 300. Shi ya sa zango-zango ake yi, kamar tafiyar fatake. Ɗaya ya ja gaba, ya isa matsaya, ya ɗaure kansa da ƙarfen da ke jikin dutse, ya jawo na baya, sannan a sake. Hanyarmu ta yau sunanta La Demande, a bangon Escalès. Joël Coqueugniot da François Guillot ne suka fara hawanta a 1968. Tsawonta mita 320, zango 12 ko 13, gwargwadon yadda mutum ya haɗa su. Da zarar ƙafarka ta bar ƙasa, abin da za ka sha, da abin da za ka ci, da abin da za ka sa in iska ta taso, sai dai wanda ke jikinka, har awa 7 ko 8.

To, ga su nan na shimfiɗa a kan tabarma. Wannan ita ce falmaran. Don masu gudun tsaunuka aka ɗinka ta. Galibinsu cikinsu lita 5 zuwa 12 ne, da gora biyu masu laushi a ƙirji, kowace rabin lita. Gaskiya ina son ta. Tana manne wa jiki, ba ta rawa, tana tsayawa can sama da ƙugu ba ta taɓa ɗamarar hawa, wato wadda muke ɗaura wa igiya a ƙugu, hannunka kuma yana kaiwa ga jakar allin busar da hannu a baya babu cikas. In kana matsaya kana sakar wa ɗan uwanka igiya, sunkuyar da kai kawai za ka yi ka sha ruwa, ka zaro dabino daga aljihun gaba. Hannun da ke riƙe da igiyar mutum ba ya saki, ko na ƙiftawar ido. Don haka duk abin da zai ba ni damar sha da ci da hannu ɗaya, ina ganin darajarsa.

Amma bara ta nuna mini iyakarta. A bangon Presles ne, cikin tsaunukan Vercors, kusa da inda muke zaune. Na zo wani wuri da dole in manna ƙirjina da dutse in ja jiki sama. Gorar hagu ta matse tsakanina da dutsen, bakinta ya danne, ina jin ruwa yana bin cikina har cikin wando. Kafin in fita daga wurin, ragar bayan falmaran ɗin ta yage a kan kaifin dutse. Na so in cire ta in rataya a ƙasana, babu hali, domin na riga na rataya madauran igiya a kafaɗa a kanta, ga shi ba ta da wani hannu mai ƙwari da zan yarda in rataye ta da shi. Ranar mun ƙarasa zango uku da rana a ka da ɗan guntun ruwa, harshena kamar busasshiyar fata. Ban ga laifin wanda ya ɗinka ta ba. Ba don gogayya da dutse aka yi ta ba, ni ne na kai ta inda ba wurinta ba.

Wannan kuma ita ce jakar da za ta bi mu yau, lita 18. Irin su Bug ta kamfanin Petzl, wanda ke Crolles a gefen Grenoble, lita 18 ce, Rock Blitz ta Black Diamond kuma lita 15. Ba talla nake yi ba, siffar nake so ku gani. Gajeriya ce, tana zama a tsakiyar baya, gindinta bai sauko kan ɗamara ba. Siririya ce, ba ta fi faɗin bayana ba, saboda gwiwar hannu ta samu wurin motsi. Yadinta mai kauri ne, babu raga, babu aljihunan gefe, babu igiyoyi suna reto da za su kama reshe ko ƙugiya. Sai wannan hannun na sama. Ƙanwata, ki duba ɗinkinsa da kyau kafin ki duba launi ko farashi, anjima za ki ga dalili.

In kin je shago, kada ki gwada ta a kan riga kawai. Ki roƙe su ɗamara da hular kwano, ki sa duka, ki cika jakar da wani abu mai nauyi. Sannan ki ɗaga kai ki kalli silin. In ƙeyar hular ta daki jakar har ta turo miki hular kan ido, ajiye ta, domin mai hawa rabin yininsa sama yake kallo. Ki miƙa hannu biyu sama, ki kai hannu baya ki lalubi alli da ƙugiyoyin da ke zoben ƙarshe na ɗamara. Minti 2 ya isa a gane.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Mu biyu ne, jakarmu ɗaya. Na baya ne ke goya ta, domin na gaba shi ne faɗuwarsa ta fi nisa, ya kamata ya hau sakayau. Mu kuma karɓa-karɓa muke yi, ke nan a kowace matsaya jakar za ta canja baya. Falmaran da lamba ake sayar da ita kamar riga. Tawa ba za ta shiga Baba ba, ƙirjinsa ya fi nawa faɗi. Jaka kuwa madauri kawai za a sassauta.

Yanzu ruwa, wanda shi ne ainihin maganar. Lita ɗaya kilo ɗaya ne, ba a yi masa ragi. Muna da lita 4 mu biyu. Lita 2 a wannan salkar roba mai tiyo, lita 1 a gora cikin jaka, sannan kowa yana da 'yar gorarsa ta rabin lita a ɗamara, an ɗaure wuyanta da siririyar igiya. Nakan tuna salkar kakana a Damagaram in na riƙe wannan. Tasa ta fatar akuya ce, tana ɗan tsattsafo, iska ta buga ta, ruwan ya yi sanyi. Wannan ba ta sanyaya komai, kuma tana ɓoye a baya, ba ka ganin abin da ya rage sai ka zuƙa ka ji iska. In bakin tiyon ya maƙale a wani wuri ya fita, duk ruwan ya tafi. Shi ya sa ba na zuba ruwan yini a mazubi ɗaya. Tun ranar Presles na daina.

Sauran kaya ba yawa. Rigar iska biyu, fitilar goshi biyu, dabino, ƙuli-ƙuli da kilishin da aka aiko mini daga gida, ɗan bandeji, bargon leda na gaggawa, hoton hanyar a takarda, da waya a aljihu mai zif. Lambar neman agaji a Turai 112 ce, a haddace ta. Sai takalmin tafiya, shi ne ke cinye wuri. Nawa zai shiga jaka, Baba kuma a ɗamara yake rataya nasa. Bari mu tafi, gari ya fara haske.

Ga mu cikin duhu, ku saurari amon muryata. Wannan ramin hanyar Blanc-Martel ne, hanyar ƙafa da za ta kai mu gindin bangon, wadda aka sa wa sunan Édouard-Alfred Martel da Isidore Blanc da suka ratsa kwazazzabon a 1905. An haƙa ramukan ne don aikin wutar lantarki da aka yi watsi da shi, mafi tsawonsu mita 670. Ƙasan duk ruwa ne kwance. Kun ga dalilin takalmi da fitila. Akwai hanyoyi da yawa a Escalès da daga sama ake sauka musu da igiya a hauro, mota na jiranka a bakin titi. A irin waɗannan, in zango 4 ko 5 ne a kan shimfiɗaɗɗen bango mai ƙusoshin maƙala igiya, falmaran ta wadatar, ni ma ita nake sawa. Tamu ta yau daga ƙasa ake fara ta, a sama ake gama ta, komai sai ya bi mu.

Matsaya ta 5. Rana ta same mu tun da hantsi, farin dutsen nan yana mayar da zafi kamar bangon tanda. Ku dubi ƙasa, wancan koren zaren shi ne kogin Verdon. A wasu wurare zurfin kwazazzabon nan yana kaiwa mita 700. Ga ungulu can, a ƙasa da mu take shawagi, muna kallon bayanta. Sun taɓa ɓacewa daga yankin nan, daga 1999 aka fara sako su kusa da ƙauyen Rougon. In ta buɗe fukafukai sun fi mita 2, kana jin ƙarar iska a gashinta in ta gifta. Subhanallah.

Ku lura da yadda zan buɗe jakar. Kafin in zare hannuna na biyu daga madaurinta, na riga na maƙala hannunta na sama da ƙugiya a matsaya. Abin da ya kuɓuce a nan ba ya dawowa, kuma akwai mutane a ƙasanmu. Zif ɗin ma rabi nake buɗewa. Wanda zai ja gaba ya sha daga tiyo ya ƙoshi kafin ya tashi, gorar ɗamararsa ta jira shi zuwa matsaya ta gaba, domin zai iya yin rabin awa a can kafin jaka ta iso.

To ƙanwata, ga wurin da na kawo ki ki gani. Zangunan ƙarshe na La Demande tsaga ce mai faɗi, mutum sukutum yake shiga cikinta. Faransawa bututun hayaƙi suke ce mata. Bayanka a bango ɗaya, tafin ƙafarka a ɗayan, ka tura, ka ɗaga, ka sake turawa. Bayan da za ka jingina da shi dole ya zama babu komai a kansa. Baba ya wuce, yana sama, ya ja igiya ta miƙe. Ni kuma na cire jakar, na zura madauri mai tsawon santimita 120 a hannunta, na maƙala ɗaya bakin a zoben gaba na ɗamarata. Yanzu tana reto a ƙarƙashin ƙafafuna. Za ta daki dutse, za ta gogu, wani lokaci ta maƙale sai na taɓa ta da dunduniya. Kilo 3 ko 4 ne ke rataye a kan wannan ɗinkin da na ce ki duba. In ya tsinke, takalmina da rigunanmu da sauran ruwanmu sun tafi kogi. Zan kashe kyamara, wurin yana son hannu biyu da natsuwa. Bismillah.

Alhamdu lillahi, mun fito. Ƙarfe 4 da rabi, awa 7 da wani abu a jikin bango. Ku dubi jakar, duk ta yi fari da ƙura, gindinta ya ɗan kurje, amma ko zare bai fita ba. Salkar ta ƙare tun matsaya ta 10, gorar lita ɗaya ce ta kawo mu nan, ga ɗan abin da ya rage a ƙasanta.

Amsata gare ki ke nan. Kada ki jefar da falmaran ɗinki, kuma kada ki yi gaggawar kashe kuɗi. Ki tambayi waɗanda za su kai ki abu uku: zango nawa ne, akwai tsagar da ake shiga ciki, kuma da ƙafa ake saukowa ko da igiya. In gajeriyar hanya ce a buɗaɗɗen bango kuma takalminki zai jira ki a ƙasa, tafi da falmaran, sai dai ki mayar da gora ɗaya aljihun baya. In yini guda ne irin na yau, ki ari jaka mai lita 15 zuwa 18 a wurinsu, ki yi hawa biyu ko uku da ita kafin ki sayi taki.

Baba ya riga ya sa takalminsa, yana bakin titin Route des Crêtes yana ɗaga wa motoci hannu, domin tamu tana can ƙasa inda muka shiga rami da safe. Ni zan yi taimama in haɗa azahar da la'asar a kan wannan falalen dutsen kafin a samu mai ɗaukarmu. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya kai mu.