Teku Ba Shuɗi Ba Ne: Yadda Ake Kallon Zanen Gaɓar Ruwa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji? To madalla. Abubuwa uku za mu duba a zanukan wannan matashi da ke jikin bango, duk na gaɓar Legas ne, Tarkwa Bay da Makoko.

Na farko, launi. A ba yaro fenti a ce ya zana teku, shuɗi zai kwarara, kamar an tsamo ƙyallen daga marinar Ƙofar Mata. Wallahi har manya suna yi. Alhali ruwa aron launi yake, daga sama, daga yashi, daga laka. Ku dubi wancan na kusa da ƙofa. Can nesa ruwan toka ne. A tsakiya, inda igiyar ruwa ta miƙe rana ta ratsa ta, kore-kore. A bakin gaɓa kuwa ruwan ƙasa, don igiyar ta tono yashi. Ina shuɗin? Ɗan kaɗan, a gefe.

Tokar nan ba da baƙin fenti ya haɗa ta ba, baƙi kashe ruwa yake. Shuɗin altramarin kamar kashi biyu, jar ƙasa ta siyena kashi ɗaya, sai fari a hankali. Ya ƙara siyena tokar ta yi ɗumi, ya ƙara shuɗi ta yi sanyi. Kuma kumfa, ku matso ku gani, ba fari tas ba ce. Cikinta akwai inuwa mai shuɗi-shuɗi. Farin zalla ɗigo biyu-uku ne a saman igiya, da wuƙar fenti ya ɗora a ƙarshe. Wanda ya barbaɗa fari ko'ina, sabulu ya zana, ba teku ba. (dariya)

Ku nemi hoton Igiya ta Tara na Aivazovsky, mai zanen ƙasar Rasha, na 1850. Sama rawaya da ja, ruwa kore. Mutumin da ya bar zane kusan 6,000, yawancinsu na teku, a nan bai zana teku shuɗi ba. Haba, ku yarda da shi mana.

Sannan wancan mai duhu-duhu, wani ya ce min bai gama ba. Ya gama! Hazo ne. Hazon da muke sha a Disamba da Janairu, ƙurar da ke tasowa daga Bodele a Chadi, har gaɓar Legas take kaiwa, ta shafe layin da sama ta haɗu da ruwa. Shi ya sa kwale-kwalen masuntan kamar a iska yake rataye.

Na biyu, au, na riga na shiga, layin nan ne. Dole ya miƙe sak. Ya karkata ko da yatsa ɗaya, sai ka ga ruwan zai zube ta gefen firam. Na ukun, lokaci ya ja, kwale-kwale: ƙasansa ya nutse cikin ruwa, ba ya zauna a kai ba. A nan matashin yana da sauran aiki, biyu daga ciki ɗore suke.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya in ta saya ta kai Kano, zai lalace? To, a tambaye shi yadda ya jera fentin. Shafin farko a tsinka shi da tina, wato ruwan tsinka fentin mai, na sama su fi mai. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, sai ya tsattsage, bushewar hunturu kuma ta ƙara masa. Kada a rataye inda rana ke duka. Ƙura da busasshen burushi mai laushi ake kaɗe ta, ban da jiƙaƙƙen tsumma. In ƙyallen ya saki, akwai 'yan katakai a kusurwoyin baya, a ɗan buga su ciki kaɗan-kaɗan. Banish kuma, wato shafin kariya mai sheƙi da ake yi a ƙarshe, sai fentin ya yi wata 6 aƙalla. Farashi? Wannan ku da shi, ga shi can yana ɓuya bayan ƙofa.